Sunana Ne a Saman Takardar

A lokacin ban fi shekara ashirin da 'yan kai ba. Na gama difloma na samu aikin sakatariya a wani kamfanin gine-gine a nan Minna, kullum daga Fadikpe nake hawa acaɓa in tafi, ina ji da kaina don ni ce ake kira in kwamfuta ta ƙi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, Allah ya san su.

Manajanmu mutum ne mai furfura, amma ba ya barin mace ta wuce shi lafiya. In ya kira ki ofishinsa sai ya tura ƙofa, in kin ƙi kuma ki ga ta kanki a wurin aiki. Mu mata huɗu ne, kowa ta ɗanɗana. Babbarmu, wadda nake kira Yaya don girmamawa, ita ta ce mu kai ƙararsa hedikwata ba tare da suna ba. Ta dafa kafaɗata ta ce ni zan rubuta tunda ni na iya, ta rantse komai ya taso muna tare.

Na buɗe sabon adireshin imel da ba ya nuna kowa, na saka shi cikin manhajar imel ta kwamfutar ofis, kusa da adireshina na aiki. Abin da ban sani ba shi ne manhajar tana da adireshin da take aikawa da shi kullum, na farkon da aka saka mata, sai in mutum ya shiga ya canza mata ko ya zaɓi wani da hannunsa. Ni na ɗauka tunda na saka sabon, shi ke nan. Da manaja ya fita sallar Azahar na rubuta komai, su ukun suna tsaye a kaina suna tuna mini abin da na manta, na danna aikawa. Ko saman shafin ban kalla ba.

Sati bai zagayo ba manaja ya kira ni. Ya ajiye takarda a gabana, sunana cikakke a samanta. Ashe wanda ya karɓi saƙon a hedikwata abokinsa ne, ya turo masa da shi. Ya tara ma'aikata ya tambayi matan ɗaya bayan ɗaya ko ya taɓa yi musu wani abu. Yaya ce ta fara magana. Ta ce ita uba ta ɗauke shi, kuma ta daɗe tana lura da ni ina yawan shiga ofishinsa ba a kira ni ba. Sauran biyun suka sunkuyar da kai suka ce ba su san komai ba.

Ranar aka sallame ni bisa laifin ɓata suna. Maganar ta riga ni isa unguwa, ta juye ta zama ni na neme shi ya ƙi. Iyayen wanda zan aura suka aiko cewa a dakata tukuna, har yau ana dakatawa. Mahaifina bai zage ni ba, amma ya daina fita hira ƙofar gida, wannan ya fi mini duka ciwo.

Yanzu atamfa nake sayarwa a Kasuwar Kure. Manajan ya yi ritaya da mutuncinsa, har walima aka yi masa.

Ban yi nadamar faɗin gaskiya ba, na yi nadamar gaggawa da yarda da rantsuwar baki. 'Yan uwana masu aikin ofis, in kuna da adireshi fiye da ɗaya a kwamfuta, ku duba da wanne take aikawa, ku fara gwada tura wa kanku ku ga sunan da zai fito. Kuma duk wadda ta ce ki shige gaba tana bayanki, ki ce ta sa hannunta kusa da naki tukuna. In ta ja da baya, kin samu amsarki tun kafin ki rasa komai.