Tokuji Mai Ɓare Ƙofofin Takarda

Komiyama Tokuji maƙwabcina ne shekara arba'in da ɗaya. Ni ina ɗinka tabarmar ɗaki, shi yana gyaran ƙofofin takarda, saboda haka sau da yawa gida ɗaya kan kira mu tare. Dukanmu a aji shida karatunmu ya tsaya.

Kowace ƙofa tana da ciki. Kafin a manna takardar waje, sai an jera tsofaffin takardu hawa bakwai ko takwas a ƙarƙashi, duk abin da gida ya gama da shi. Al'adar masu sana'ar ita ce a ƙona cikin ba a karanta ba, don sirrin mutane ne. Tokuji kuwa yakan nemi izinin mai gida, ya fesa ruwa, ya jira gam ya saki, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da tsinken gora. Karatun rubutun magabata ya gagare shi, sai ya shekara goma yana zuwa birni ran Lahadi wurin wani tsohon malami har ya iya. Daga ƙofofin kwarinmu ya san shekarar da manoman haya suka ƙi kai wa masu gonaki shinkafa, da abin da ya faru ranar da talaka ya fara jefa ƙuri'a. Matarsa Haruno takan ce, "Tsoho, mutane gyaran ƙofa suke, kai fiɗa kake yi mata."

Kafin yaƙi ƙauyenmu ya tura gidaje da yawa noma a Manchuria, can ƙasar Sin. Da aka ci mu da yaƙi, suka gudo, wasu suka mutu a hanya, wasu suka bar 'ya'yansu hannun mutanen Sin. A kakar 1986 ɗaya daga cikin yaran nan ta zo, mace ce mai furfura, ana kiranta Shulan. An ce mata daga kwarinmu iyayenta suke. Ba ta san sunanta na haihuwa ba, ba ta jin harshenmu, shaidarta kawai tabon ƙuna a ƙafar hagu. Kwana tara ya rage mata ta koma. Haruno, wadda ta girma a can, ita ta yi mata tafinta.

A ofishin ƙauye aka ce takardun an ƙona su a ƙarshen yaƙi bisa umarni. Tokuji bai yarda ba. Ya taɓa ɗaga ƙofofin gidan marigayi magatakardan ƙauye, ya ji sun fi ƙa'ida nauyi, kuma ya san an sake musu takarda a shekarar da takarda ta yi wuya. Sau uku ɗan magatakardan yana hana shi ɓare su. Wannan karon Haruno ce ta je, ta zaunar da Shulan a bakin ƙofarsa.

"Maigida, ƙofa ce ko matarka?" in ji ta. "Ko matarka ce ai ka bari a gaishe ta."

Ya yarda. Ni na ɗauko ƙofofin, guda huɗu.

Na zauna ina kallonsa kwana shida. Ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Takarda ɗaya kan ci rabin yini. Na ce ya ƙara ruwa, lokaci na tafiya. Bai ɗago ba ya ce in tawada ta narke, babu wata a duniya, kuma in ina sauri in je in ɗinka tabarmata. A hawa na biyar rubutun magatakarda ya fito, a jere, shafi bisa shafi yadda ya manna su don wani ya samu. Sunayen waɗanda suka tafi ne, gida gida, da takardar likitan da ya duba su. Can ƙasa Tokuji ya ɗora yatsa: 'yar shekara biyu, tabon ƙuna a ƙafar hagu.

Ya gyara zama, ya sunkuya wa Shulan har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. "Baiwar Allah, sunanki Kumagai Yoneko. Barka da dawowa."

Ta maimaita sunan, bai fita daidai ba, ta sake. Na zaci za ta miƙe, don Haruno ta gaya mata ƙanwar mahaifinta na nan da rai a ƙetaren kogi. Amma ta nuna sauran shafukan ta ce a karanta mata su duka, tunda tare suka tafi.

Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya. Tokuji yana karantawa, Haruno tana cewa wannan ya dawo, wannan bai dawo ba, wannan na san inda muka binne shi. Ba wanda ya motsa har ya kai na ƙarshe. Sannan Yoneko ta sa takalmanta, muka raka ta ta haye gada zuwa gidan gwaggonta.