Akuyar da Kaumi Ya Ciyar Wata Bakwai

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Kazaure da safe ciki ba komai ya san Kaumi mai shayi. In bai san sunansa ba ya san hancinsa, don shi ne ke fara leƙowa daga bayan gwangwanayen madara, sai an ɗan jira kafin sauran mutumin ya iso. Ni ɗan gwaggonsa ne, taubashi, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba inda zai kai ni ƙara.

A Roni aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Barno da jakuna biyu da kanwa, ya ga ƙasar gyaɗa ya ce ya gama tafiya. Abin da Kaumi ya gada na Barbarci kalma uku ne, biyu daga ciki zagi. Makaranta aji huɗu ya yi, shi yana cewa shida, wai ya haɗa da shekarun da ya maimaita. Mahaifinsa ya yanka masa gona, ya shuka gero, geron ya fito gajere har kaji suna cin zangarniya ba su ɗaga wuya ba. Ya koma acaba. Ya ɗauki wani dattijo daga Roni zuwa Gwiwa yana ta zuba masa labari a hanya, sai da ya isa kasuwa ya waiga ya ga ba kowa a bayansa, ashe dattijon tun a gargadar farko ya sauka ba da niyya ba. Daga nan dangi suka zauna suka ce a nemo masa sana'ar da ba ta motsi. Aka kafa masa tebur a Kazaure.

A nan ne aka gane abin da aka haife shi dominsa. In yana shiƙa shayi daga kofi zuwa kofi yakan ɗaga hannu har tsuntsu ya bi ta ƙarƙashi bai jiƙe ba. Wainar ƙwansa kuwa, da albasa da attaruhu, direbobin Daura sukan rage gudu don ƙamshinta kawai.

A makon farko ya haɗu da Ashiru, Bafulatanin Gwiwa, siriri kamar sandar kiwonsa, masinja a wani ofishi a cikin gari. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Ashiru ya zauna ya ce a ba shi shayi in Babarbare ya iya dafa ruwa. Kaumi ya ce shayi ba nono ba ne, kada ya nemi ludayi. Suka yi ta yi har shayin ya huce. Kafin a tashi sun ci waina a faranti ɗaya, kuma daga ranar ciyayya ta ƙullu. Kullum in cunkoson safe ya lafa, wajen takwas da rabi, Kaumi zai fasa ƙwai huɗu, ya juye a farantin silba, ya karya burodi da hannu, su zauna a ƙarshen benci gwiwa na gugar gwiwa. Ashiru in ya je Gwiwa ƙarshen mako yakan taho da man shanu a kwalba. Shekara ashirin da shida ana haka. Ranar da aka haifa wa Kaumi 'yarsa ta fari, da aka aiko masa, cewa ya yi a ce wa matarsa Zulaikha yana nan tafe, Ɗan Fulani bai ƙaraso ba tukuna.

Sai dai a faɗi gaskiya, Kaumi yana da loma. Yatsunsa biyar in suka sauka a faranti sai ka ga silba ta bayyana kamar an share fili za a yi gini. Shi bai san da haka ba. A wajensa cin abinci da aboki shi ne a yi hira a yi dariya a ga faranti ya ƙare, bai taɓa tambayar ta ina ya ƙare ba.

Wata safiya bayan an yi girbi Ashiru ya zo fuska a yamutse, bai zauna ba. Ya ce likita ya auna shi ya ce hawan jini ne, an hana shi ƙwai, an hana shi mai, an hana shi duk abin da ya taɓa kasko, da safe ruwan ɗumi kawai zai sha. Kaumi yana riƙe da ƙwai na uku a hannu, ya ajiye shi a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce to ya zauna mana, ko kallo ne ya yi. Ashiru ya ce ƙamshin ma likita ya hana. Har ya hau kekensa sai ya juyo, ya ce akwai wata akuyarsa mai ciki da ta rame, in da kwantan burodi, wanda ya kwana bai shiga ba, a riƙa ajiye mata.

Kaumi bai yi shakka ba ko kaɗan. A ganinsa Bafulatani zai iya ɓoye maka shekarunsa, zai iya rage maka yawan shanunsa, amma ya ƙirƙiri dabbar da babu, wannan bai taɓa jin an yi ba.

Haka aka shiga sabon tsari. Takwas saura kwata Ashiru zai tsaya da keke, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya karɓi leda ya wuce. Kaumi yakan tambayi akuya kafin ya tambayi iyali. Ashiru ya ce ta fara murmurewa. Bayan wata biyu ya ce ta haifi tagwaye, Kaumi ya raba wa mutanen tebur shayi kyauta. Ranar da ciniki ya yi kyau burodi zai ƙare, sai ya ɓoye guda a ƙarƙashin tebur ya ce wa mai saye babu, don kada mai jego ta kwana da yunwa. Ashiru ya ce ta fi son wanda ya bushe sosai, Kaumi ya riƙa buɗe ledar tun yamma don iska ta sha shi.

Takwas da rabi kuwa yakan fasa ƙwai huɗun nan, don hannunsa bai san lissafin biyu ba. Ya zauna a ƙarshen benci shi kaɗai, ya bar gefen Ashiru na farantin, sai can ya tuna ya cinye. Ya ce mana ya rame. Mu dai ba mu gani ba, amma dariyarsa ta ragu, wannan kowa ya shaida.

A wata na bakwai ya ji labarin wani mai saiwoyi a kasuwar Babura da ake cewa yana saukar da jini kamar ana sauke kaya daga mota. Kaumi da ko zazzaɓi ba ya rufe masa tebur, ranar ya rufe, ya tafi, ya dawo da ƙulli uku. Washegari ya jira Ashiru har tara saura, bai zo ba. Ya lulluɓe tebur da buhu, ya ce wa mai ƙosan gefensa ta sa ido, ya ɗauki magani da ledar burodi ya nufi gidan Ashiru.

Rahamatu matar Ashiru ce ta amsa sallamar daga bayan ƙofar zaure. Ta ce lafiya lau, kekensa ne ya yi faci ya hau babur mai ƙafa uku ya wuce ofis. Kaumi ya yi hamdala, ya ce tunda ya zo bari ya ga akuya da 'ya'yanta, ga abincinta ma ya kawo. Rahamatu ta yi dariya, ta ɗauka wasan Barebari ne. Da ta ji shiru sai ta ce ai rabonsu da akuya tun kafin Sallar waccan shekarar, turken ma ta cire ta hura wuta da shi. Ya tambayi jikin maigidan, hawan jinin. Ta ce wane hawan jini, mutumin da kullum sai ya shiga akurkinta ya zari ƙwai biyu ya sa a aljihu.

Kaumi bai san yadda ya isa ofishin ba. A wani ɗan ɗaki na bayan baranda ya same shi, ya ba ƙofa baya, yana ta aiki a kan teburi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. A gabansa akwai wani farin akwati mai ƙofar gilashi, Kaumi ya ɗauka talabijin ce. Maikirowef ne, akwatin lantarki na ɗumama abinci, wanda aka kawo wa ofishin da aka sa musu sola.

Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ashiru ya ɗauko sauran burodin shekaranjiya, wanda Kaumi ya ɗaure da hannunsa, ya gutsuttsura shi a kofin tangaran. Ya fasa ƙwai biyu a wani kofin, ya zuba madara da sukari da ɗan garin kirfa, ya kaɗa, ya juye a kan burodin, ya danna da cokali har ya sha. Ya ɗora ɗan man shanu a sama. Ya zare cokalin, ya sa kofin a akwati, ya latsa maɓalli. Fitila ta kama a ciki, kofi ya shiga juyawa shi kaɗai kamar amarya ana nuna ta. Minti ɗaya da rabi abin ya kumburo har baki, akwatin ya yi ƙara, ƙamshi ya cika ɗakin.

"Sannu, akuya," in ji Kaumi. "Ya tagwaye?"

Ashiru ya juyo da kofi a hannu. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne wai busasshen burodi ya fi shan madara, sabo caɓewa yake yi. Kaumi ya ce ba darasi ya zo ɗauka ba. Ya ajiye ƙullin maganin a kan teburi ɗaya bayan ɗaya, ya ce daga Babura suke, a jiƙa a sha safe da yamma.

Ashiru ya miƙa masa cokali ya ce ya ɗanɗana. Kaumi ya so ya ƙi, amma hannunsa bai taɓa ƙin abinci ba. Ya kai baki. Abin da ya fi ƙona masa rai har yau shi ne abin ya yi daɗi, laushi kamar alkaki ya auri waina. Ya haɗiye da kyar.

"Me ya hana ka yi biyu ka kira ni?"

"Kofi ɗaya yake ɗauka. In ka sa da yawa tsakiyar ba ta nuna."

"To kofi ɗayan mu ci tare."

Ashiru ya dubi kofin, ya dubi hannun Kaumi, ya daɗe yana duban hannun. Sannan ya ce, murya ƙasa, "Babarbare, shekara ashirin da shida ban taɓa ƙoshi ba. Tsakiyar waina ban san ɗanɗanonta ba, gefe nake samu. Ga haƙoran baya sun zube, kafin in tauna loma ɗaya ka kai bakin faranti."

"Ka taɓa faɗa?"

"Ya za a yi in ce wa mai abinci ya rage loma?"

Kaumi ya tsaya yana jiran ya ji dariya a ƙarshen maganar, don a tsakaninsu ba a taɓa faɗar abu mai zafi ba a bi shi da dariya ba. Ba ta zo ba. Ƙaryar akuyar da ta likitan duk sai suka zama ƙanana. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne duk safiyoyin nan da yake ganin sun fi kowa jin daɗi a Kazaure, ashe mutum ɗaya ne ke jin daɗin, ɗayan yana zaune yana ƙirga gefen waina, yana murmushi, yana tashi da yunwa, kuma ya gwammace ya haifi akuya da bakinsa da ya faɗa masa. Ya ajiye ledar burodin kusa da maganin ya fita. Ashiru ya bi shi har baranda yana kiran Babarbare, Babarbare, bai waiga ba.

Ranar Zulaikha ta ce ko tuwon rana bai taɓa ba, abin da tun aurensu ba ta gani ba. Ya zauna yana juya hannunsa na dama yana kallo, ya tambaye ta ko ita ma yana cinye mata. Ta ce ai ita tun shekarar farko take ɗebe nata a madafa kafin ta kawo. Wannan ma bai taimaka ba.

Washegari takwas da rabi sai ga Ashiru, ya jingine keke, ya zo ya zauna a ƙarshen benci inda ya saba, hula a karkace, yana ta share murya. Ya ce Babarbare an tashi lafiya. Kaumi ya amsa masa da cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar aiki da gajiya da mutanen gida, irin wadda ake yi wa baƙon da aka ga girmansa. Ya fasa ƙwai huɗu. Da wainar ta soyu sai ya ɗauko wuƙa ya yanke tsakiyarta, zagaye guda mai kauri, ya sa a faranti daban, ya ajiye a gaban Ashiru da burodi mai laushi da cokali mai yatsu. Gefen da ya rage ya tattara a nasa, ya koma bayan tebur, ya ci a tsaye yana kallon titi.

Ashiru ya ce ya zo su zauna mana. Kaumi ya ce akwai aiki. Babu kowa a teburin sai su biyu. Ya ɗauko kofi ya tsiyaya ruwan zafi, ya riƙe cokali a kan gwangwanin sukari.

"Yallaɓai, cokali nawa ake sa maka?"

Ashiru ya ce biyu. Kaumi ya sa biyu, ya juya, ya miƙa masa da hannu bibbiyu.