Akushin Yaya

Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, don ɗan fari ne. Ko ranar da aka tafi da shi yaƙin Turawa a ƙasar Bama ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kunya ta hana. Abin da ta iya kawai shi ne akushinsa. Kullum da yamma sai ta tuƙa tuwo, ta fara zuba nasa, ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ɗaki. Da safe a yi ɗumame a ba maƙwabta. Soja suka dawo, wasu da ƙafa ɗaya, wasu ba hankali, Yaya bai dawo ba, kuma ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Saboda haka Inna ta ci gaba da zubawa.

Kowa a unguwarmu ya san yadda aka yi. Da Turawa suka nemi samari, Baba ya ɓoye Yaya a ƙauyen kakanninmu, can Zungur. Mutum ɗaya ya gaya wa, amininsa, wani maɗinki da suke cin tuwo tare tun suna yara. Maɗinkin nan shi ya kai 'yan doka har bakin rumbun da Yaya yake ɓoye, don a bar masa nasa ɗan. Tun daga nan Baba ya daina amsa sallamarsa.

Shekarar da aka sami 'yancin kai ina gida wankan jego. Gari ya cika da maganar a yafi juna, wai sabuwar ƙasa ba ta son tsohuwar gaba. Dattawa suka yi ta sintiri a zaurenmu, har Baba ya sakko. Ban ga laifinsa a nan ba, tsufa ya kama shi, yana tsoron ya mutu da gaba. Laifinsa a wurina, har gobe, shi ne bai shawarci Inna ba.

Ranar sulhun suka zo bayan la'asar, maɗinkin ya sha babbar riga. Muna jin su daga tsakar gida suna shafa fatiha. Can sai Baba ya shigo da sauri, ya ce sulhu ba ya cika sai an ci abinci. Tuwon gida bai gama kwasuwa ba, akushi ɗaya ne a rufe. Ya sunkuya ya ɗauka.

Na ce, "Baba, na Yaya ne fa!"

Ya ce, "Ke, rufe mana baki. Mai shi yana ina?"

Inna na durƙushe gaban murhu, mara a hannunta. Ba ta ɗago ba. Ni kuwa raina ya ɓaci. Da maƙiyi ne ya yi mana haka da sauƙi, amma Baba ne, wanda ya fi kowa sanin abin da akushin nan yake nufi.

Aka dawo da shi tas, har an suɗe. Muka ji maɗinkin yana cewa miyar ta yi daɗi, kamar an san zai zo.

Inna ta wanke akushin da kanta, ta kife shi a kan rumfa. Washegari da yamma na ɗauko na miƙa mata, kamar kullum. Ta dube shi, ta girgiza kai.

"Mayar," ta ce. "Yaron nan ya rasu jiya."