Hoton da Gwaggo Ta Hana a Ɗauka

Shekarar da rikicin gabas ya yi tsanani, Baba ya sauki wata mata da 'ya'yanta uku a gidanmu na unguwar Yalwawa a Dutse, a ɗakin da muke ajiye gero. Daga bakin tafkin Chadi ta gudo, bayan an kashe mijinta an ƙone rumfarta ta kifi. Gwaggo muke ce mata. Ba ta yi wata ba ta ari kaskon Inna ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gida, ciniki kuma ya karɓe ta.

Sai wani shirin rediyo ya kama zancen baƙi. Kullum da hantsi ana buɗe layi, masu kira suna cewa 'yan gudun hijira sun cika Dutse, su suka kawo sata, har da 'yan leƙen asiri a cikinsu. Mai shirin bai taɓa neman hujja ba. Maƙwabta suka daina aiko yara sayen ƙosai. Wani dattijo ya tako har zaure ya ce wa Baba ya sallame ta kafin ya jawo wa unguwa masifa.

Baba ya ce, "Malam, ka taɓa ganin ta ɗauki allurar wani?"

"A rediyo aka faɗa."

"To, rediyon ta zo ta kore ta. Ni dai baƙuwata ce."

Ana cikin haka wasu 'yan jarida suka zo da kyamara. Ina tsugune ina gyara wa Gwaggo wuta. Babbansu ya dubi wankakken zaninta da kwallin idonta, ya ce ba haka ake so ba. Wai ta sa tsohon mayafi, ta zauna jikin rusasshen bangon baya, ta rungume autanta, don masu taimako su tausaya.

Gwaggo ba ta ko ajiye matsamin ƙosai ba. Ta ce, "Ɗana, lokacin da na yi kukana ba ka nan. Yau sana'a nake yi. In za ka ɗauka, ɗauke ni a gaban kaskona, ka ce 'yar kasuwa ce. In ba haka ba matsa, kana tare min masu saye."

Alhali ba mai saye ko ɗaya a wurin. Suka naɗe kayansu suka tafi.

Ta ci gaba da tuya kowace safiya, abin da ya yi kwantai mu cinye a gida. Kafin damina ta wuce rediyo ta koma kan zancen taki, yara suka dawo da kwanukansu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ba ta haƙuri, ita ma ba ta nema ba. Babbar 'yarta yanzu tana koyarwa a wata firamare a Miga.