Ranar da Aka Tura Yaya Gonar Makaranta

Akwai wata makarantar kuɗi a bayan gidana a Gwallameji. Kullum da safe sai in ji yara suna rera "a cup, the cup", malamarsu tana buga tebur. Kowa yana cewa muryar yara daɗi gare ta. Ni kam da na ji sai shayin da nake sha ya fita raina, domin a kan waɗannan 'yan kalmomi biyu aka cuci yayana.

A Wunti muka tashi, gidan maɗinka. Keken ɗinkin Baba yana zaure, ƙamshin mansa da na sabon yadi ne ke tarbar mai shigowa. Shekaru kaɗan kafin 'yancin kai aka sa mu makarantar En'e, ta hukumar gargajiya, rana ɗaya, ni da Yaya, aji ɗaya, duk da ya girme ni. Yaya yana da i'ina. Kafin kalma ta fito sai ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe. Kaka ba ta taɓa ƙarasa masa magana ba, kuma wanda duk ya yi masa dariya a gidanmu, ranar zai gane kurensa.

A aji huɗu Turanci ya zo mana gadan-gadan, kuma ba abin da ya gasa mana aya a hannu kamar inda za a sa "a" da inda za a sa "the". Malam ya ce abin da yake baƙo a zance shi ke ɗaukar na farko, wanda aka riga aka sani ya ɗauki na biyu. Daga nan sai tsumagiya. Yaya ne ya fara gane abin. Da la'asar ya zaunar da ni gindin tulu, ya ɗaga ƙoƙo ya ce wani ƙoƙo, ya ajiye, ya sake ɗagawa ya ce ƙoƙon. Ashe muna da abin a bakinmu tun fil azal. A allo bai taɓa kuskure ba, amma in aka ce ya tashi ya faɗa, sai kalmar ta maƙale masa tsakanin haƙora, aji ya ɗauki dariya.

Da damina aka ce Baturen makaranta zai zo ya zaɓi waɗanda za su wuce siniya firamare. Guraben kaɗan ne, kuma wanda ya girma irin Yaya, in ya rasa bana ya rasa ke nan. Kowa ya san al'adar wannan rana: a share fili, a shafa wa duwatsu farar ƙasa, sannan a kawar da yaran da za su kunyata Malam. Mu a zatonmu daƙiƙai ake kawarwa. Inna ta wanke rigar Yaya, Baba da kansa ya goge ta da dutsen guga.

Muna kan layi Malam ya miƙo wa Yaya fartanya. "Je ka nome gyaɗar nan ta bayan aji. Kada in ga ƙeyarka sai an kaɗa ƙararrawa."

Yaya ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita, Malam kuma bai tsaya ba.

Ka san abin da ke ƙona mini rai har yau? Baturen bai ce kowa ya yi magana ba. Jimloli ya rubuta a babban allo, ya bar gurabe, yana karantawa, yana miƙa alli a je a cike. Aikin da Yaya zai yi ido rufe. Ni na cike nawa yadda ya koya mini, aka ɗauke ni.

Washegari Baba ya je wurin Malam, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Malam ya ce a yi haƙuri, Bature ba ya jira, kuma ba zai bari a ce ajinsa bai iya magana ba. Baba ya dawo yana cewa Malam ya fi mu sani. Kaka ta dube shi a tsakar gida ta ce, "An ɓoye ɗanka kamar abin kunya, kai kuma ka je ka yi godiya." Sai da aka daɗe kafin ta sake cin tuwo a gabansa.

Ina jin haushin Malam, wanda ya sayi yabon Bature da rayuwar yaro. Ina jin haushin Baba ma, Allah ya jiƙansa, domin wannan ba ladabi ba ne, tsoro ne. Da 'yancin kai ya zo, ana neman 'yan Arewa masu Turanci ruwa a jallo, duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya sami tebur. Ni da na gama karatu na sami nawa. Yaya yana zaure yana taka keke, shi ya ɗinka mini kayan da na fara zuwa ofis da su.

Yanzu ana cewa zamani ya sauya, malamai sun yi digiri, an daina tsumagiya. Amma kwanan baya maƙwabciyata take gaya mini an ce 'yarta, wadda karatu ke yi wa nauyi, ta huta a gida ranar da masu duba makarantu za su zo. Daga nan na hau keke Napep sai Wunti.

Na tarar da Yaya a zaure, ya tsufa, ido ya yi rauni, jikansa ne ke zura masa zare. Ban taɓa tayar masa da zancen ba sai ranar. Na tambaye shi ko yana tuna gonar gyaɗar nan. Ya runtse ido, ya daɗe yana kokawa da maganar, na jira.

"Ai tagar a buɗe take," ya ce. "Ina jin duk abin da Baturen yake karantawa. Babu wadda ban sani ba."