Shekarar da Ƙorama Ta Ci Tsamiya

Ƙoramar bayan ƙauyenmu ba ta da suna, ƙorama kawai muke ce mata. Daga tudun marmara take gangarowa, can bayan Turba, ta ratsa gonakin gero, ta karya kwana wajen giginyu uku, ta miƙe cikin fadama har ta faɗa gulbin da ya nufi Sabon Birni. Da damina hauka take yi, da rani kuwa yashi ne zalla.

Kowace shekara in an gama girbi, kakata ta wajen uba sai ta bi ta da ƙafa har ƙarshe. Zamanin da Gobirawa da mutanen Sakkwato ke kai wa juna hari tsakanin Isa da Sabon Birni, uwarta ta gudu ta cikin ƙoramar nan da jariri a goye. Jaririn ya cika a hanya. Ta binne shi gindin wata tsamiya, dab da inda ƙorama ke haɗuwa da gulbi. Yayan kakata ke nan da ba ta taɓa gani ba, shi take zuwa yi wa addu'a.

Shekarar da idonta ya tafi, ni na riƙe mata sanda. Ina da iyali lokacin, amma ita dai maigidana take ce mini, irin wasan kaka da jika. Muna fita ta ƙi bin gaɓa.

"Cikin yashi za mu bi, maigidana. Mai bin gaɓa, mahaya na hango shi."

"Haba Kaka! Waɗanne mahaya? Ko jaki babu!"

"Haka Inna ta bi, haka ni ka bi."

Raina ya ɓaci, don yashi na cinye ƙafa ga rana. Amma da tafin ƙafa take gane hanya. Yashi na yin laushi ta ce mun kai giginyu, na ɗaga kai, ga su kuwa.

Akwai abin da nake ɓoye mata. Daminar nan ƙorama ta sake hanya, ta ci gaɓa ta tafi da tsamiyar. Duk gida an sani, an rasa mai faɗa mata. Sai na yi dabara na kai ta gindin wata tsamiya can gefe. Ta shafa jikinta sau ɗaya.

"Wagga ba ita ba ce. Maƙaryaci."

Kunya ta kama ni, na faɗa mata gaskiya. Sai ta ce in kai ta inda tsamiyar take a da.

Wurin ya koma tsakiyar ƙorama. Ta durƙusa ta shiga tonon yashi da hannu, yadda matanmu ke neman ruwa da rani. Da ramin ya kai gwiwar hannu, ruwa ya fara tsattsafowa. Ta jira ya kwanta, ta yi bismilla ta sha, ta ɗebo mini a tafinta.

"Sha, maigidana. Shekara da shekaru ina zuwa gaishe shi, sai yau ya ba ni ruwa."

Wallahi kuka na yi, ƙato da ni. Ba ta ga girbin gaba ba. Yanzu ni ke zuwa, kuma cikin yashi nake bi.