Sarkin Gangara da Makullin Baba Ɗanjuma

Kafin in zama abin nuni a Batsari, ni mai wankin mota ne a bakin tasha, kuma ba yabon kai ba, na iya wanki. Iyayena manoma ne a wani ƙauye ta wajen Wagini. Gero da wake muke nomawa, amma ni tun ina ƙarami ƙarar inji ta fi yi mini daɗi a kan ƙarar fartanya. Da na ishi mahaifina da maganar tuƙi, sai ya kawo ni gari ya damƙa ni a hannun amininsa, wani tsohon direba da ake kira Baba Ɗanjuma. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, ƙannena. Labarin dai nake so ku riƙe.

Baba Ɗanjuma yana da wata tsohuwar mota shuɗiya da yake jigilar fasinja da ita tsakanin Batsari da Safana. Ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa, da ita yake ciyar da gida cike da mutane. A duk tashar babu wanda ya kai shi tafiyar hankali. 'Yan acaɓa suna tsokanarsa wai idan ka shiga motarsa da ɗanyen tumatir, sai ya nuna kafin ku isa. Shi kuwa dariya yake yi, ya ce, "To, an taɓa jin wanda ya shiga bai isa ba?"

Ya yi mini alkawarin koya mini tuƙi, amma irin nasa koyarwar. Na daɗe ina wanki kafin ya bari in duba ruwa da baƙin mai. Na daɗe ina wannan kafin ya yarda in tayar da inji in matsa gaba kaɗan, in dawo baya, a cikin filin tasha. Sai dai duk ranar Juma'a, idan zai tafi masallaci, yakan zaro makullin daga aljihun gaban rigarsa ya miƙo mini, ya ce, "Wanke ta ciki da waje, ka same ni can." Ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa ba su makullin nan ba. Ni kaɗai yake ba, kuma a lokacin ban san abin da nake riƙe da shi ba.

Ana haka sai wani malamin makaranta da aka turo daga Katsina, Malam Kabiru, ya buɗe ɗan shago a bayan tasha. Ya sa talabijin da na'urar gem da ƙaramin janareto, matasa suna zuwa buga gem ɗin ƙwallo. Wata rana ya dawo daga gida da sabon faifai na tseren mota, na ƙasar Japan. Ya ce a manyan birane ainihin abin wata ƙatuwar na'ura ce mai kujera da sitiyari da abin takawa, wannan kuwa an rage shi ne don a yi a ɗaki da fad, wato abin riƙewar nan mai maɓallai.

Ranar da na fara ganinsa bakina bai rufu ba. Motoci biyu ne a kan dutse, hanya tana gangarowa tana murɗewa kamar igiyar guga da aka yar a ƙasa, ga kiɗa mai sa ƙafa rawa. Rubutun duk na Japanawa ne, babu mai iya karantawa, sai muka raɗa wa duwatsun sunayenmu. Wanda ya fi wuya muka ce masa Dutsen Ruma. Kafin tsere abokin karawarka yakan fito ya yi maka magana da yarensu, sai wani bakanike mai suna Iro, wanda bai san ko kalma ɗaya ba, ya riƙa yi mana fassara. "Cewa ya yi kai baƙauye ne, warin daddawa kake yi." Shago ya kwashe da dariya.

Sirrin gem ɗin yana wajen shan kwana. Ka buɗe waje, ka ɗan taɓa birki, ka watsa gindin motar, sannan ka yanko ta ciki kamar za ka lashi dutsen. Ban daɗe ba na fi kowa iyawa. Har daga Yasore ake zuwa a kara da ni, a koma da kunya. Aka sa mini suna Sarkin Gangara, kuma sunan ya shige mini kai fiye da yadda ya kamata. Abu biyu ne ban lura da su ba. A gem ɗin babu motar da take tahowa ta gabanka, hanya duk taka ce. Kuma ko ka daki ƙarfen gefen titi, motar ba ta lotsewa, in abin ya ɓaci sai ka danna maɓalli a sake daga farko.

Satata ta farko fetur ce. Malam Kabiru yakan bar wanda ya kawo wa janareto mai ya yi wasa, ni kuwa ga baburan mutane ana bar mini wanki. Na samo guntun tiyo, ina zuƙar kaɗan a nan, kaɗan a can, ina ce wa kaina ai ko rana ma tana shan fiye da haka. Da Malam ya ga abin ya yi yawa ya tambaye ni inda nake samu, na ce ladan wanki ne. Ya dube ni ya ce, "Daga yau kada ka sake kawo mini." Ya yi nasa, amma hannuna ya riga ya saba. Daga fetur na koma madubi, daga madubi na koma jak da batir. Iro ne mai saye, kuma bai taɓa tambayata inda na samo ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne na fara raina tuƙin Baba. Wata rana muna hanyar Safana, mun zo wata kwana da wani ƙaton dutse ya tokare gani, ya rage tafiya ya danna hon kamar kullum. Na ce, "Baba, da ka yanko ta ciki ai da tuni mun wuce."

Ya ce, "Ta ciki hannun wa ne?"

Na ce, "Ai babu kowa."

Ya ce, "Kai ka gani, ko gaya maka aka yi?"

Fasinja suka yi dariya. Ni kuwa a raina na ce tsoho ya tsufa, duniya ta wuce shi.

Iro ne ya kawo maganar satar motar Baba. Ya ce akwai wani mutum gaba da Safana da yake sayen mota ya wargaza ta ya sayar da kayan, ba ya tambayar takarda. Kafin a idar da Juma'a mun isa, ni kuma in dawo in ce na bar ta a tasha na tafi masallaci, ban san wanda ya ɗauka ba. Na ce masa Baba fa uba ne a wurina. Ya kwashe da dariya ya ce, "Ka dai ce ba ka iya ba. Ashe sarautar taka a talabijin ta tsaya." Wannan maganar ita ta kayar da ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, na san sata ce, na san motar nan ita ce abincin gidan. Amma son a ce na iya ya fi mini komai a ranar.

Juma'ar ta zo, lokacin kaka ne, dawa ba a kai ga yanke ta ba. Baba ya miƙo mini makulli, har ya juya sai ya dawo ya ce, "Idan an gama kaka zan fara sa ka bisa titi. Na ga hankalinka ya fara zama." Na ce na gode, Baba. Ya bi layin masallaci, ni kuma na yafito Iro.

Motar ta mutu mini tun kafin mu bar tasha, don na saba da gem, inda babu kuloci. Da ƙyar na samu giya ta shiga, tana ƙara kamar ana niƙan tsakuwa. Amma da muka hau titi na taka totur, sai na ji duniya ta zama tawa. Har kiɗan gem ɗin nake ji a kunnena. Iro ya riƙe ƙofa da hannu biyu, ya fara salati, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Akwai lissafin da ba mu yi ba. Duk ƙauyen da ke bakin hanyar nan ya san motar Baba Ɗanjuma, ya san tafiyarta. Da suka gan ta tana gudu kamar za ta tashi sama, abu ɗaya ne ya zo musu a rai: 'yan bindiga ne suka biyo ta. Mata suka kwashi yara suka faɗa cikin dawa, wasu ko takalmi babu. Wani ya buga waya gaba, 'yan sintiri suka hau babura suka taho. Wannan ɓangaren ko yanzu ba na iya yi masa dariya, don mutanen nan sun san abin da suke gudu, kuma ni na tayar musu da shi a banza.

Sai ga kwanar dutsen nan. Na ce yau Baba zai san an yi zamani. Na buɗe waje, na taɓa birki, na murɗa sitiyari na yanko ta ciki, daidai yadda nake yi a Dutsen Ruma. Ina zagayowa sai ga amalanken shanu a gabana, shaƙe da kabewa, wani dattijo a sama. Na ƙara murɗawa, gaban motar ya daki dutse, gindinta ya make ƙafar amalanke. Kabewa ta watse a titi tana gangarawa. Wallahi, ƙannena, a wannan lokacin babban yatsana yawo yake yi a kan sitiyari yana neman maɓallin da ake dannawa a sake daga farko.

Allah ya tsare, babu wanda ya karye, shanun ma ko ƙwarzane. Dattijon ya taso daga cikin kabewarsa yana kakkaɓe riga, ya leƙo ta taga ya ce, "Kai ɗan nan, hannunka ƙarewa ya yi ka zo nawa?" Iro ya fice ta ɗaya tagar ya shiga dawa, ya faɗa hannun 'yan sintirin da suka zo yaƙi suka tarar da mu.

A bayan babur aka kawo Baba, da rigarsa ta Juma'a. Ya zagaya motar, ruwan lagireto yana bin ƙasa. Ya dafa ta kamar yadda ake dafa mara lafiya. Sannan ya zura hannu ya zare makullin ya mayar aljihu. Ya ce, "Ka ji ciwo?" Na ce a'a, Baba. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

A gaban alƙali sauran sace-sacen duk suka fito, don Iro bai rage komai ba. Aka kai mu gidan yari. Labarina ya riga ni isa, tun a ƙofa wani gandiroba ya ce, "A buɗe hanya, ga Sarkin Kabewa!" Da sunan na zauna har na fito. Nakan ba sauran fursunoni labarin su yi ta dariya, ni ma in yi, har ranar da mahaifiyata ta zo dubiya. Ta ce Baba yanzu kamasho yake yi a tasha, yana kira wa yaran da ya girme wa iyayensu fasinja, a cikin rana, don a ɗora tukunya a gidansa. Ta ce ya sayar da bijiminsa yana tara kayan gyara. Ranar na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da aka yanke mini hukunci. Daga nan na kama salla da gaske, na koma karatun da na watsar.

Da aka sake ni, mahaifina ya kai ni zauren Baba. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da gona da dabbobi, ni dai ina durƙushe kaina a ƙasa. Da na buɗe baki ban haƙuri sai ya ce, "Na yafe maka tun ranar. Gobe ka zo da soso." Motar ta tashi, amma da farin murfin inji na wata motar, har 'yan acaɓa suna ce mata mai hula.

Ya cika alkawari, ya koya mini tuƙi. Ranar da na fara kai mu kwanar nan, na rage tafiya, na danna hon, na manne a hannuna. Ya ce, "Mi ke bayan dutsen?" Na ce, "Ban sani ba, Baba." Ya ce, "To ka fara iyawa." Yanzu ni nake tuƙa shi Safana, yana gefena yana gyangyaɗi, 'yan acaɓa suna wuce mu suna tambaya ko tumatir ya nuna.

Ban ce ku daina gem ba. Ni ma nakan leƙa shagon Malam Kabiru da kuɗin gumina, kuma har yau babu wanda ya kayar da ni a Dutsen Ruma. Abin da nake ce muku shi ne ku ji tsoron tiyon farko, don daga shi ne sauran suke biyowa. Kada ku bari wani ya tura ku rami da kalmar "ba ka iya ba". Kuma idan babba ya miƙo muku abin da bai ba kowa ba, ku riƙe shi da hannu biyu.

Baba ya yafe mini, ya ba ni sana'a, har shi ya shige gaba wajen neman aurena. Amma makullin nan ba ya shiga hannuna sai yana zaune a cikin motar. Ranar Juma'a ina wanke ta, waje kawai, ƙofofi a kulle. Idan na gama sai in yi alwala in bi bayansa zuwa masallaci, ina jin ƙarar makullin a aljihunsa. Bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.